Kada Ki Fita da Takalmi a Hannu

Kusada,
ranar Alhamis.

Zuwa ga Maman Ilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya tsare ki, ke da yaron nan da mijinki, a ƙaurar da za ku yi. Allah Ya sa ku shiga Kankiya da ƙafar dama, Ya sa aikin asibitin da kika samu ya zame miki alheri, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki.

Na san za ki ce me ya samu Inna, muna kwana gida ɗaya tun farkon damina, amma sai ga takarda a kan akwatinki. Babanki ma da ya gan ni da biro sai da ya tambaya ko makarantar ce ta sake kirana aiki bayan ritaya. Ke dai kin san halina. In na zaunar da ke zan yi magana mai tsawo, sai in ƙare da tambayar ko kin ɗaure bakin buhun gero. A waya kuwa ba na wuce "lafiya lau" in kashe. To ga takarda, ki karanta ta yau, tunda jibi ne tafiyar.

Maganar a kan Ilu ce, da gidan rainon da za ki riƙa kai shi in kin fara aiki.

Ran da kika je Kankiya duba gidan da mijinki ya kama, ina bakin murhu ina kallonki. Kin kunna wa Ilu wasan yara a wayata, kika jira hankalinsa ya tafi, kika cire takalmanki kika riƙe a hannu, kika bi bayan rumbu kika fice. Kin iya abin, ko kaza ba ta motsa ba. Abin da ya biyo baya ne ba ki gani ba. Da ya ɗago kai bai yi kuka nan take ba. Ya ajiye wayar, ya je ya ɗaga labulen ɗakinki, ya leƙa bayan randa, ya tsaya ƙofar banɗaki yana kira, har ƙarƙashin gado sai da ya duba. Da ya gama duba ko'ina, sannan ya fasa kuka. Kukan bai dame ni ba, na yi shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya, kunnena ya saba. Neman da ya yi ne ya tsaya mini a rai.

Tun ranar kin ga yadda ya koma. Ko alwala za ki yi yana riƙe da gefen zaninki, in kin miƙe ɗauko ludayi sai ya miƙe. Kina ta mita wai ya zame miki ƙaska. Gadi yake yi. Ya gano cewa in ya ɗauke ido uwarsa tana iya ɓacewa, shi ya sa ya daina ɗauke ido.

Jiya kuma na ji kina gaya wa mijinki a waya cewa haka za ki riƙa yi a gidan rainon, a ɗauke masa hankali ki sulale. Na ji kuma kin ce jibi tun da asuba za ku fita yana barci, don kada ya yi mini kuka. Ba leƙen asiri na yi ba, muryarki ce ba ta san ɗaki ba.

Wannan takalmi a hannu ba ke kika fara shi ba. A wurina kika gada, ko da yake ba za ki tuna ba.

Lokacin yayenki aka ce a kai ki Sukuntuni wurin Iya, mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta. Haka ake yi, kowa haka ya yi, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Babanki ya ɗauke mu a mashin ɗin aro, kina goye kina ta surutu, duk akuyar da muka wuce sai kin yi mata magana. Da muka isa Iya ta dama fura, ta zaunar da ke a gindin bishiyar bedin tsakar gida, ta watsa wa 'yan tsaki tsaba a gabanki. Da kika shagala da su sai ta ƙifta mini ido. Na cire takalmi, na bi ta ɓarakar danga, na samu babanki a bayan gida ya tura mashin nesa don kada ki ji ƙara. Muna kan hanya na jiyo muryarki. Ban waiwaya ba, don waiwaye abin kunya ne ga uwar 'yar fari. Ke ce ɗiyata ta fari: ba na kiran sunanki, ba na ɗaukar ki a gaban manya, ba na nuna na damu. Kin san har kika girma "ke" nake ce miki, sai da kika haihu na samu sauƙi da "Maman Ilu".

Ban koma ba sai da aka gama yankan gero. Na tarar kin yi ƙiba, kin yi kyau. Iya ta ce kwanakin farko kullum kina bakin ɓarakar nan kina kuka, daga baya kika bari. Matan gidan suna ta yaba ki, wai ba su taɓa ganin yaye mai sauƙi irin naki ba. Ke kuwa kika dube ni kamar mai tallan da ta shigo da abin da ba kya so, kika koma bayan Iya. Ta ce, "Ga uwarki nan, je ki mana." Ba ki zo ba. Ni ma ban miƙa hannu ba, tunda da mutane a wurin. Aka goya mini ke muka dawo Kusada, akuyoyin suna nan a hanya, ba ki ce musu komai ba.

A lokacin na ɗauka an yi nasara. Daga nan kika zama yarinyar da ba ta kuka in an tafi, ba ta murna in an dawo, maƙwabta suna cewa ɗiyar Malama ba ta da rigima, ni kuma ina jin daɗi. Ba zan ce yayen ne kaɗai ya jawo ba. Allah Ya halicci kowa da halinsa, ga ki nan kuma kin girma lafiya, kin yi karatu, kin yi aure. Ba kuma ina zagin al'ada ba ne, Iya ta riƙe ki da zuciya ɗaya. Amma na san yarinyar da na kai, na kuma san wadda na ɗauko.

Saboda haka in kin kai Ilu, ki yi masa sallama yana kallonki. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki gaya masa za ki tafi aiki, zai zauna da Anti mai rainon, za ki dawo. Zai yi kuka, wataƙila har da birgima, mutanen da ke wucewa su waiwayo. Ki bar shi ya yi. Yaron da ya ga fitar uwarsa ya san ta ƙofa ta bi, ta ƙofar kuma zai jira ta. Wanda aka sulale masa bai san inda zai jira ba, sai ya riƙa tsaron ko'ina. In wata a wurin ta ce miki ki faki idonsa ki gudu, wai haka sauran iyaye ke yi, ki yi mata godiya ki ce ke ba haka za ki yi ba. Ita sauƙin safiyar take nema, ba laifinta ba ne, yara sun yi mata yawa.

Da aka haifi Kabiru ƙanenki sai na canza dabara, na koma ƙarya. Lokacin na koma aji, ina barinsa wurin maƙwabciyarmu. Kullum sai in ce, "Bari in sayo maka ƙosai, yanzu zan dawo." Sai ya sake ni da murna. Ashe zama yake yi a bakin zaure, ba ya wasa, ba ya cin abin da aka ba shi, yana jiran ƙosai har a tashi makaranta. Ni kuwa in dawo da littattafan yara a ka, na ma manta da wata maganar ƙosai. Wata rana na faɗa kamar yadda na saba, sai ya riƙe mini mayafi ya ce ba ya son ƙosan. Daga nan ko bayan gida na ce za ni bai yarda ba. Har yau da gemunsa, in na ce masa yanzu zan gama abu, sai ya yi dariya ya ce yanzun Inna ke nan. Shi wasa yake yi, ni na san asalin maganar.

Kada ki yi wa Ilu alkawarin alewa, kada ki ce yanzu. Ki gaya masa gaskiya da abin da ya sani. Bai san ƙarfe nawa ba, amma ya san abinci, ya san barci, ya san kiran salla, tunda in ladan ya fara shi ma sai ya toshe kunne ɗaya ya taya shi. Ki ce masa zai ci abinci, ya yi barci, ya tashi, in an kira La'asar Mama za ta zo. In kin faɗa kuwa ki zo. Na san aikin asibiti ba shi da tabbas, mai naƙuda ba ta duba agogon kowa. Ranar da kika san za ki makara, ki gaya masa tun da safe cewa yau Baba ne zai zo, ki kuma tabbatar mijinki ya rufe shago ya je. Ki faɗa wa mijin naki da bakina in kina jin nauyi: wannan aikin ba naki ba ne ke kaɗai. Makonnin farko su ne ginin. In maganarku ta riƙa cika, yaron zai saki jiki da kansa.

A kan Auta kuma sai na zarce ta ɗaya gefen. Na girma, kunyar ta ragu, shi kuma na ƙarshe ne, sai na zuba masa duk abin da na hana ku. Da muka sa shi Islamiyyar unguwa yana ɗan ƙarami, sai in yi sallama, in kai kwanar masallaci, in dawo in leƙa ta taga. Da ya hango ni sai ya fasa sabon kuka, in shiga in rarrashe shi, in sake sallama, in sake dawowa. Haka muka yi ta yi har matar malamin ta gaji, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Malama, don Allah ki tahi. Yaron nan shina yin shiru, ke ce ke tada shi." Na ji haushi ƙwarai, ni da nake koya wa iyaye wannan maganar a makarantarmu. Amma gaskiya ta faɗa. Da na daina leƙe, bai daɗe ba ya fara riga ni ɗaukar allo.

To ke ma sallamar ta zama gajeriya, kuma iri ɗaya kullum. Ki tofa masa addu'a, ki shafa kansa, ki faɗi lokacin dawowa, ki miƙa shi hannun Anti, ki juya. Kada ki tsaya bayan katanga kina saurare. Ki kuma kula da fuskarki, don yaro fuska yake karantawa kafin magana. In ya ga idonki ya kawo ruwa, zai ɗauka wurin da za ki bar shi akwai abin tsoro. In kukan ya zo miki, zai kuwa zo, ki riƙe shi har ki hau acaɓa, mai mashin ba ya ganin bayansa. In zuciyarki ta ƙi kwanciya a wurin aiki, ki buga wa Anti waya ki tambaya. Sau da yawa za ta ce miki tun kafin ki kai titi ya koma wasa, sai ki ji wani ɗan haushi ma, wai har ya manta da ke. Bai manta ba.

Akwai wani abin da dukanku na yi muku, ban ware kowa ba. In kun yi rigima sai in ce zan kira mai allura, ko in ce bari Litinin ta zo malam ya zane ku. Sai ga shi Litinin ta zo ina mamakin me ya sa kuke maƙale wa ƙofa. Kada ki mai da gidan rainon abin barazana, kada ki ce za ki haɗa shi da Anti. Maganar mai allura kuwa ki bar ta gaba ɗaya, tunda yanzu mai allurar ita ce uwarsa.

Kin ce sai mako na sama za ki fara aiki. Kada ki ƙarar da kwanakin nan a jeren kwanuka. Ki ɗauke shi ku je wurin tare, ku zauna, ki gaisa da Anti a gabansa kina dariya, ya ga ke kin yarda da ita. Washegari ki bar shi na ɗan lokaci ki je kasuwa ki dawo, da sallama. Ki duba wurin da idon ma'aikaciyar lafiya: ruwan da suke sha, inda suke kwanciya, yadda ake magana da yaron da ya yi fitsari a wando. Ki gaya wa Anti abin da baƙo ba zai sani ba, cewa in ya ce "umma" ruwa yake so ba uwarsa ba, cewa ba ya barci sai ya riƙe kunnen wanda ke kusa da shi, cewa yana tsoron ƙarar injin niƙa. Bai cika shekara uku ba, ba zai iya yi wa kansa bayani ba.

Na sa miki tsohon zanin goyonsa a cikin jakarsa, mai ruwan ganyen nan da kika ce a mai da shi tsumma. Kada ki wanke shi da sabulu mai ƙamshi, ƙamshinki ake so a jiki. Ki bar masa shi a can ya riƙa kwanciya a kai. In wani ya ce ya girma da jan zani, ki ce eh, zai bari in ya gama da shi.

Sai kuma dawowa, wadda ita ce na fi kuskurewa. Wata rana za ki zo da gudu kina ɗokinsa, shi kuma ya kalle ki ya juya baya, ko ya kai miki duka, ko ya fasa kukan da bai yi ba tun safe. Anti za ta ce wallahi lafiya lau ya wuni, kuma gaskiyarta. Ajiye miki ya yi, don ke ce wadda zai iya sauke wa. Kada ki yi fushi, kada ki ce to zauna nan tunda ba ka so na. Ki miƙa hannu ko da mutane, ki bar hannun a miƙe har ya zo. In kun isa gida ki zauna da shi a tabarma kafin ki ɗora tukunya, tuwo ba zai gudu ba. Zai yiwu ya koma fitsarin kwance ko ya riƙa farkawa yana nemanki, wannan duk yana wucewa.

Abin da ba za ki yi wa haƙuri ba shi ne in an daɗe abin yana ƙaruwa maimakon raguwa, ya daina ci, ya rame, ko ya riƙa firgita in ya ga wani mutum a wurin. Nan sai ki je ba tare da sanarwa ba ki gani da idonki, in ya kama a canza wuri a canza. Ki kuma lura da shirun da ya yi yawa. In an ce miki ɗanki ba ya kuka, ba ya wasa, ba ya neman kowa, yana zaune inda aka ajiye shi, kada ki ji daɗi kamar yadda na ji.

Yanzu maganar jibi. Yaron nan tun da kuka zo a ɗakina yake karyawa, shi ne maigidana ƙarami, shi ke cinye mini ƙosai ya bar ni da kunu. In kika ɗauke shi yana barci, zai farka a wani ɗaki a Kankiya ya tashi neman Inna bayan randa, a gidan da ko randar bai sani ba. Daga nan kuma ki ce masa ya yarda da ke a ƙofar gidan raino. Ban yarda ba. Ku bari gari ya waye, ya sha kununsa, mai mota ya jira, ai ba Makka za ku ba. Ki kawo shi ƙofar ɗakina da takalmanki a ƙafa. Zan gaya masa zai tafi da Mama wurin Baba, ni ina nan, kuma ranar da Baba zai sa babbar riga ya tafi masallaci zan zo. Zai yi kuka. Ni kuma wataƙila in ce hayaƙin murhu ne ya shiga mini ido. Juma'ar kuwa in Allah Ya yarda zan zo, ko ruwa ake yi.

Ke ma ki tsaya. Ran da za ki tafi makarantar kwana, na fito daga madafa da ƙullin ƙuli-ƙuli na tarar kin bi babanki tasha. Duk hutun da kika zo haka kike komawa, sai dai in ga gado a gyare. Ban taɓa tambayarki dalili ba, na san inda kika koya. Yana yi mini ciwo, kuma ban taɓa faɗa ba. Wannan karon ki tsaya a gabana in yi miki sallamar da ban yi ba a Sukuntuni. Ban sani ba ko bakina zai iya kiran sunan a gaban babanki, an daɗe ana riƙe shi. Hannuna dai ga shi ya iya.

Allah Ya kiyaye hanya, Saratu. Allah Ya tsare ki fita da shiga, Ya raya miki Ilu, Ya sa duk inda kika bar shi ki dawo ki same shi lafiya. Sai Juma'a, Saratu.

Mahaifiyarki,
Inna.